Berlin, Landan, Boston ko Tokyo: wace gasar gudun famfalaki ce ta dace da ɗan Zariya?

Yawanci abin da sauƙi yake farawa. Mutum ya soma zagayen fili bayan sallar asuba don rage tumbi, ko don likita ya ce hawan jini ya fara leƙo shi. Bayan shekara ya ga yana cin kilomita goma bai tsaya ba, a shekara ta biyu kuma ya fara kallon su Eliud Kipchoge, gwanin gudun nan na Kenya, a waya yana raya wa ransa cewa shi ma wata rana sai ya rataya lamba a ƙirji a ɗaya daga cikin manyan biranen nan. Wanda ya kai wannan matakin, yana da ɗan abin hannu ko yana cikin tari, amma ya rasa inda zai dosa, da shi nake magana.

Tsawon zangon ɗaya ne ko'ina: kilomita 42 da mita 195, wato ɗan fiye da rabin hanyar Zariya zuwa Kaduna. Manyan gasannin da ake ji da su sun haɗu a rukuni guda tun 2006: Boston, Landan, Berlin, Shikago da New York. Tokyo ta shigo a 2013, Sydney ta Ostareliya kuma a 2025. Ra'ayina shi ne sunan gasa ba shi ya kamata ya yanke wa ɗan Zariya hukunci ba. Biza da kalanda su ne ke yankewa.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko, yadda ake samun gurbi. Ba a sayen tikitin waɗannan gasanni kamar na jirgin ƙasa. Ƙofofi huɗu ne: ƙuri'a, ko nuna shaidar ka taɓa gama wata gasa cikin lokacin da suka gindaya, ko yi wa ƙungiyar agaji alƙawarin tara mata kuɗi masu kauri, ko biyan kamfanin tafiye-tafiye da aka ba gurabe ya haɗa maka da masauki a farashinsa.

Na biyu, biza. Gurbi ba biza ba ne, kuma idan aka hana ka, kuɗin rajistar da ka biya da wuya su dawo.

Na uku shi ne wanda masu rubutu daga Turai ba za su taɓa faɗa maka ba: a wane yanayin Zariya atisayenka zai faɗa? Shirin gudun famfalaki yana cin wata huɗu zuwa biyar, kuma makonnin da suka fi nauyi, inda ake gudun kilomita 28 zuwa 32 a fita ɗaya, suna zuwa ne wata biyu kafin ranar gasa. Idan gasar a Afrilu take, nauyin zai sauka a Fabrairu da Maris, daga ƙurar hunturu zuwa farkon zafin bazara. Ga kuma azumi: watan Ramadan na 2026 ya kama daga tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, yana kuma zuwa da wuri da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara, don haka a 'yan shekarun nan yana zaune daidai tsakiyar shirin gasannin Maris da Afrilu. Gasar Satumba ko Oktoba kuwa atisayenta a damina yake, lokacin da safiyar Zariya take da sanyi mai daɗi kuma ƙura ta kwanta.

Saura kuɗi, da yanayin hanyar kanta da haɗarinta, da kuma abin da zai ɗore maka bayan an gama, wato ko lokacin da ka ci zai buɗe maka wata ƙofar.

Boston

Ita ce uwar gasa, tun 1897 ake yin ta, ranar Litinin ta uku ga Afrilu. Darajarta ta samo asali ne daga wahalar shiga: babu ƙuri'a, sai lokaci, in ban da ƙofar agaji. Daga gasar 2026, namiji mai shekara 18 zuwa 34 sai ya nuna ya gama wata gasa da aka tantance tsawonta cikin awa 2 da minti 55, mace mai waɗannan shekarun kuma awa 3 da minti 25. Ko hakan ma bai wadatar ba, domin masu nema sun fi gurabe yawa, sai a fara ɗauka daga mafi sauri. A gasar 2025 sai wanda ya rage kusan minti bakwai a ƙasa da lokacin da aka gindaya ya samu shiga.

Wani matashi da muke haɗuwa a fili ya taɓa ce min, "Yaya, ni fa Boston kawai nake so, sauran ba su burge ni." Na ce, "Ƙanena, minti nawa kake cin kilomita ɗaya idan gudun ya yi nisa?" Ya ce biyar da rabi. Awa 2 da minti 55 na nufin minti huɗu da daƙiƙa tara a kowace kilomita, har sau arba'in da biyu ba sassauci. Tsakanin nan da can aikin shekaru ne, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya san haka tun da wuri.

Hanyar tana tashi daga garin Hopkinton ta gangara zuwa cikin Boston. Gangaren farko yana ruɗin mutane su saki ƙafa, ya cinye musu cinyoyi, sannan tuddan Newton su tare su tsakanin kilomita 26 da 34, na ƙarshensu shi ne sanannen Heartbreak Hill. Saboda wannan gangaren da kuma nisan da ke tsakanin mafari da magama, ba a ƙirga lokacin Boston a tarihin duniya, wato lokaci mafi sauri da aka taɓa yi. Yanayin sama kuwa ba shi da tabbas. A 2018 ruwa da iska mai tsananin sanyi suka watsa manyan 'yan tsere, Yuki Kawauchi na Japan ya lashe da 2:15:58. Jikin da ya saba da ranar Sabon Gari bai san irin wannan sanyin ba.

Shikago da New York

Zan haɗa su domin matsalarsu ɗaya ce da ta Boston: bizar Amurka. Kuɗin nema kawai dala 185 ne, ba a mayarwa. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, a ƙarshen shekarar kuma ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa irin wannan biza. Dokokin suna sauyawa, amma kada kowa ya biya ko sisi a gasar Amurka bai fara duba shafin ofishin jakadancinsu ba.

Abin takaici ne, domin Shikago ta dace da mu ta kowace fuska. Tun 1977 ake yin ta, a Oktoba take, hanyar a shimfiɗe, ana tashi daga Grant Park a dawo nan a gama. A nan marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya kafa tarihin duniya da 2:00:35 a 2023. Haɗarinta zafi ne na ba-zata, kamar a 2007 da aka dakatar da gasar ana tsakiyar yi, amma wannan bai kamata ya tsorata wanda ya tashi a Arewa ba.

New York biki ce fiye da tsere. Ta fara a 1970 da mutum 127 suna zagayen Central Park, 55 suka gama; a 2025 sama da dubu 59 suka tsallake layi. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake yi, ana ratsa yankuna biyar na birnin da gadoji biyar, kuma kowace gada hawa ce. Mafi saurin lokacin da namiji ya yi a can shi ne 2:04:58 na Tamirat Tola na Habasha a 2023, kusan minti huɗu a bayan na Berlin, wannan ya ishe ka gane nauyin hanyar. Sai mutum ya tashi da duku-duku a kai shi tsibirin Staten ya yi awanni yana jiran tashi cikin sanyi. Ita ce mafi tsadar rajista, masaukin birnin ma haka.

Landan

Idan za a bar zuciya ta zaɓa, da yawanmu Landan za su ce. Akwai jirgi kai tsaye daga Abuja, agogonsu a Afrilu daidai yake da namu don haka barci ba zai rikice ba, abincin halal da masallatai ba sai an wahala ba, kuma da wuya ka rasa ɗan'uwa ko tsohon abokin karatu da zai ba ka wurin kwana. Wannan kaɗai yana rage kaso mai yawa na kuɗin tafiya. Chris Brasher da John Disley ne suka kafa ta a 1981. Ana tashi daga wajajen Greenwich, a haye Tower Bridge daf da rabin zango, a gama a gaban fadar Buckingham. Hanyar ba ta da tuddai na a-zo-a-gani, jama'a kuma sun cika gefen titi daga farko har ƙarshe.

Matsalar ita ce shiga. Sama da mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari suka nemi gurbin gasar 2026, alhali waɗanda suka gama ta 2025 dubu 56 da 640 ne, kuma wani babban kaso na guraben na ƙungiyoyin agaji ne tun asali. Ƙofar masu sauri a rukunin shekarunsu ta mazauna Birtaniya ce kawai. Ƙungiyoyin agaji kan nemi alƙawarin fam dubu biyu ko fiye, a lissafa wannan da naira a gani. Sannan ga batun kalanda: ƙarshen Afrilu na nufin dogayen gudunka za su faɗa cikin azumi da zafin Maris. Ana iya yi, akwai masu fita bayan tarawihi ko kafin sahur, amma gudun kilomita 30 da dare a titunan da ba fitila wani haɗari ne daban. Shawarata, a shiga ƙuri'arta duk shekara tunda ba a biya sai an ci, amma kada a ɗora buri a kanta.

Tokyo

Mafi tsari a cikinsu, kuma mafi nisa daga rayuwarmu. An fara ta a 2007, ana yi Lahadin farko ta Maris. A 2025 da 2026 ranar ta faɗa cikin Ramadan. Hukuncin matafiyi da azumi tambaya ce ta malamai, amma ko an ajiye wannan gefe, agogonsu ya riga namu da awa takwas, babu jirgi kai tsaye, abincin halal sai an nema. An ba da awa bakwai, sai dai akwai shingaye a kan hanya masu ƙayyadajjen lokaci, kuma daga harbin bindigar tashi na farko ake ƙirgawa, ba daga lokacin da kai ka taka layi ba. Wanda aka jera a baya yana iya asarar minti ashirin kafin ya fara gudu, idan ya makara a shinge kuma a ɗora shi a mota ba roƙo. Sydney ma nisan ne ya kore ta daga lissafina.

Berlin

A nan zan daɗe, domin ita nake ba yawancin mutane shawara. Tun 1974 ake yin ta, a ƙarshen Satumba. Hanyar a shimfiɗe take, kwanoninta masu faɗi, ana gamawa jim kaɗan bayan an ratsa ƙarƙashin Ƙofar Brandenburg. Shi ya sa tarihin duniya ya yi ta faɗuwa a can: Paul Tergat a 2003, Haile Gebrselassie a 2007 da 2008, Dennis Kimetto a 2014, Kipchoge a 2018 da 2:01:39 sannan a 2022 da 2:01:09, sai Tigst Assefa ta Habasha a ɓangaren mata da 2:11:53 a 2023. Abin da ya taimaki waɗannan gwanaye shi zai taimaki mai neman gamawa cikin awa huɗu da rabi. Wa'adin gamawa awa 6 da minti 15 ne, wato kusan minti tara a kilomita, ya isa ga duk wanda ya yi shiri na gaskiya.

Dubi kalandarta da idon ɗan Zariya. Shirin zai fara a watan Mayu ko Yuni, dogayen gudu su zo a Yuli da Agusta. A idar da sallar asuba a Samaru, a ɗauki hanyar Shika ƙasa tana jiƙe da ruwan daren jiya, masara ta yi tsawo dama da hagu, iska mai sanyi, rana ba za ta yi zafi ba sai an kusa dawowa. A ajiye ruwan leda da dabino wurin mai shayin da aka saba da shi a kan hanya, a riƙa gudu ana fuskantar motoci saboda tireloli da tankoki, a sa riga mai haske. Babu azumin Ramadan a wannan tsakanin na shekaru masu yawa nan gaba. Abokin gaba ɗaya shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda zai iya kwantar da mutum mako biyu a daidai lokacin da shiri ya yi nisa, don haka gidan sauro yana cikin kayan atisaye kamar takalmi.

Ana shiga ƙuri'a bayan kammala gasar shekarar, sakamako ya fito kafin shekara ta ƙare. Wannan ya ba ka wata tara na tara kuɗi da neman biza. Bizar Schengen, wadda ake shiga Jamus da ita, Yuro 90 ce, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, ana buƙatar inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin jinya har Yuro dubu 30 da shaidar cewa kana da abin da zai dawo da kai gida: aiki, kasuwanci, iyali. Ba tabbas ba ce, ana hana mutane, kuma samun ranar ganawa kan ɗauki lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma akwai jirgi daga Abuja zuwa Frankfurt, bambancin agogo awa ɗaya ne, kuma saboda yawan Turkawa da Larabawa a unguwannin Kreuzberg da Neukölln, waɗanda hanyar gasar ma take ratsawa, abinci da wurin sallah ba za su zama damuwa ba. Idan ranar ta zo da zafi, kamar yadda aka yi a 2025, Turawa ne za su jigata kafin kai.

Wani ƙaramin abu da ke jawo babbar asara: ranar da sunanka ya fito, kai tsaye ake cire kuɗin daga katin da ka bayar. Idan katin naira ne mai iyakar kashewa a waje, ko asusun dalar babu komai, cirewar ta ƙi, gurbin yana iya kuɓucewa. A tanadi katin da ke biyan kuɗin waje, a zuba masa kuɗin tun kafin mako na sakamako.

| Gasa | Lokaci | Hanyar shiga | Kuɗin rajista, a ƙiyasce | Yanayin hanya | Babban cikas ga ɗan Zariya |
|---|---|---|---|---|---|
| Berlin | ƙarshen Satumba | ƙuri'a, lokaci ko agaji | wajen Yuro 200 | shimfiɗaɗɗiya | ranar ganawar biza |
| Landan | ƙarshen Afrilu | ƙuri'a ko agaji | sama da fam 200 | kusan shimfiɗaɗɗiya | wuyar cin ƙuri'a, shiri cikin azumi da zafi |
| Boston | tsakiyar Afrilu | lokaci ko agaji | wajen dala 250 | gangare da tuddai | lokacin cancanta, biza, sanyi |
| Shikago | Oktoba | ƙuri'a, lokaci ko agaji | wajen dala 250 | shimfiɗaɗɗiya | biza |
| New York | farkon Nuwamba | ƙuri'a, lokaci ko agaji | sama da dala 300 | gadoji da hawa | biza, tsada |
| Tokyo | farkon Maris | ƙuri'a, lokaci ko agaji | wajen dala 200 | mai sauƙi, shingaye masu tsauri | nisa, azumi |

Kuɗin rajistar nan suna ƙaruwa kusan kowace shekara, kuma su ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Jirgi da masaukin kwana huɗu ko biyar su ne ke cin kuɗin, otal-otal kuma suna tsawwala farashi a makon gasa.

Wa ya kamata ya nufi ina

Wanda bai taɓa gama kilomita 42 ba, kada ya fara da ƙetare. Gasar Legas, wadda ake yi a Fabrairu tun 2016 kuma Hukumar Wasannin Motsa Jiki ta Duniya ta ba ta tambarin zinariya, ba ta buƙatar biza, kuɗin mota da masauki ne kawai nauyinta. Zafi da gumin Legas sun fi na duk biranen da na lissafa wahala, kuma zai ga yadda 'yan Filato, waɗanda suka daɗe suna riƙe da dogon zango a ƙasar nan, suke taka ƙasa. Kafin nan ya je asibiti a duba zuciya da hawan jini, musamman idan ya haura arba'in, a kuma san rukunin jininsa game da sikila. Ita ma a duba ranarta da kalandar azumi.

Wanda zai iya tafiya ɗaya tak a rayuwarsa, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa mai tari a hankali, ya nufi Berlin. Haka mai neman lokaci mai kyau: sakamakon Berlin karɓaɓɓe ne wajen neman gurbin Boston, don haka kuɗin da ya kashe bai ƙare a ranar ba.

Mai 'yan'uwa a Ingila, ko ɗalibin da ke shirin karatu a can, ya riƙa jefa sunansa a ƙuri'ar Landan duk Afrilu. Idan ya zama mazaunin ƙasar, ƙofar masu sauri ma za ta buɗe masa.

Matashin da ke cin rabin zango cikin awa ɗaya da minti 22 ko ƙasa da haka, shi ne Boston ta dace ya sa a gaba. Ya haɗa da hawan tudu a shirinsa, wajajen Kufena sun isa, ya kuma koyi gudun gangare ba tare da ya sake jiki ba. Shikago da New York kuwa na wanda batun shigarsa Amurka ya riga ya warware ne: Shikago idan lokaci yake nema, New York idan taron yake so ya gani.

'Yar'uwa mai gudu da hijabi da dogon wando ba ta da abin fargaba a ko ɗaya daga cikinsu, mata da yawa suna yi a haka. Berlin da Landan sun fi mata sauƙi saboda gajartar tafiya da sauƙin haɗa bizar wanda zai raka ta, ta kuma gwada kayan a doguwar fita tun a gida don ta san inda suke gogar fata.

Tokyo da Sydney na mai tara lambobin yabo ne, wanda ya riga ya gama uku ko huɗu yana neman cike lambar nan ta taurari shida da ake ba wanda ya kammala Tokyo, Boston, Landan, Berlin, Shikago da New York. Idan Tokyo ce ta rage masa, ya jira daga 2028, lokacin da azumi zai riga ya wuce kafin farkon Maris.